Tsaurin Azara da Yadda Ake Lissafa Shi

Gabatarwa

A ƙasar Gobir ta gabashin Jihar Sakkwato, watau Sabon Birni da Isa da ƙauyukan da ke bakin gulaben Bunsuru da Gagare da Rima, har yanzu ana kwana cikin soraye, ko da yake bulo da kwano sun ci kasuwa. Rufin soro kuwa a kan azara yake kwance. Azara ita ce gangar giginya da aka faskara bisa tsawonta. Akan jera ta a kan bango, a shimfiɗa zana ko asabari, sa'an nan a ɗora kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Idan kaurin wannan ƙasa ya kai santimita 15, to kowace mita murabba'i ta rufin tana ɗauke da kimanin kilo 250, tun kafin ruwan Agusta ya jiƙa ta. Ɗakin da rufinsa ya kai mita murabba'i tara ke nan yana da fiye da tan biyu na ƙasa a bisa kan masu barci.

Maganar ta ƙara nauyi a 'yan shekarun nan. Tun daga 1808 da Alkalawa ta faɗi mutanen wannan yanki suka san ƙaura, to amma daga 2019 hare-haren 'yan bindiga sun sake tayar da dubban mutane, wasu zuwa Sakkwato, wasu suka tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi. Soron da aka bari damina biyu ko uku ba yaɓe, ba gyaran indararo, ruwa yakan ratsa shi har ya kai ga azara. Wanda ya komo gida zai so ya sake rufi da tsofaffin azarorinsa, domin sababbi sun yi tsada, giginya kuma ta yi wuya. Tambayar da ke gabansa ita ce, wace azara ce za ta sake ɗaukar ƙasa, wace ce kuma ta gaji?

Magini yana da dabarunsa. Yakan dubi baƙin jijiyoyin azara, ya ɗaga ta ya ji nauyinta, ya ƙwanƙwasa ya saurari amonta, ya ɗora kawunanta a kan tubala biyu ya taka tsakiyarta ya ga iyakar lanƙwasawarta. Wannan gwaji na ƙarshe shi ne ainihin abin da injiniya ke yi a ɗakin gwaji, sai dai shi injiniya yana mayar da sakamakon ya zama lamba. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana yadda ake samun wannan lamba, da abin da take faɗa, da kuma abin da ba ta iya faɗa.

Ƙarfi da tauri da tsauri

Kafin a shiga lissafi, tilas ne a rarrabe wasu kalmomi waɗanda maganar yau da kullum takan cakuɗa su. Ƙarfi shi ne yawan nauyin da abu zai ɗauka kafin ya karye ko ya tsinke. Tauri shi ne ƙin huduwa da ƙin karcewa, irin na dutse ko bakin gatari. Gautsi shi ne karyewa farat ɗaya ba gargaɗi. Tsauri kuwa shi ne ƙin lanƙwasawa da ƙin miƙewa idan an ɗora wa abu nauyi. Bulalar dorina tana da ƙarfi ƙwarai, ba mai tsinka ta da hannu, amma ba ta da tsauri ko kaɗan. Tukunyar ƙasa tana da tsauri, ba ta lanƙwasawa, amma gautsinta ya sa ba ta jimre faɗuwa. Hausa ta riga ta tanadi waɗannan kalmomi, har ta kai su ga halin mutum: mai taurin kai magana ba ta huda shi, mai tsattsauran ra'ayi kuma ba ya lanƙwasuwa. Don haka babu dalilin aron kalma a nan. Lambar da ake magana a kanta sunanta ma'aunin tsauri, wanda littattafan kimiyya ke kira ma'aunin Yang.

Asalin maganar daga Ingila ne. A 1678 Robat Huk ya wallafa cewa abin da aka ja yana miƙewa ne daidai gwargwadon jan da aka yi masa: a ninka nauyi, miƙewa ta ninka. A 1807 Tomas Yang, wanda likita ne kuma masanin kimiyya, ya nemi ya ba kowane irin abu lambarsa ta tsauri, sai dai bayanin nasa ya yi sarƙaƙiya, har masu sana'a suka kasa amfani da shi. Injiniyan Faransa Nabiye ne a 1826 ya tsara lissafin yadda ake koyar da shi yau. Suna dai ya bi Yang.

Kaso biyu

Matsalar da lissafin ya warware ita ce wannan. Igiya mai kauri ta fi siririya wuyar miƙewa, doguwa kuma ta fi gajeriya yawan miƙewa, ko da daga rama ɗaya aka tufka su. Idan ana son sanin halin ramar ita kanta, lalle ne a fitar da kauri da tsawo daga cikin maganar. Ana yin haka da rabawa sau biyu.

Na farko shi ne kason nauyi. Idan aka datse waya ko sanda, za a ga fuskar datsawa, zagayayya ko mai kusurwa huɗu. Sai a auna girman wannan fuska da milimita murabba'i, a raba nauyin da aka rataya da shi. Abin da ya fito shi ne rabon da kowace milimita murabba'i ta ɗauka, kamar dai a ce mutum goma sun tallabi buhu guda, a tambayi nawa ya hau kan kowane. A kimiyya ana auna ja da turi da niyutan, kilo ɗaya kuwa yana ja ƙasa da niyutan 9.8.

Na biyu shi ne kason miƙewa, watau ƙarin tsawon da aka samu a raba shi da tsawon asali. Igiyar guga mai gaba goma in ta ƙaru da taƙi ɗaya ba ta wahala ba, amma guntuwar da ba ta wuce kamu ba in ta ƙaru da haka, ta kusa tsinkewa. Wannan kaso ba shi da ma'auni, tun da tsawo aka raba da tsawo.

Daga nan sai a ce:

ma'aunin tsauri = kason nauyi ÷ kason miƙewa

Alal misali, a ɗauki wayar ƙarfe mai tsawon mita 2, watau milimita 2,000, mai kaurin milimita 1. Girman fuskar datsawarta shi ne 3.14 × 0.5 × 0.5, watau milimita murabba'i 0.785. A ɗaure kanta a sama, a rataya mata ɗan nauyi don ta miƙe sosai, a sa alama, sa'an nan a riƙa ƙara kilo bibbiyu ana duba alamar. A kilo 2 za a ga ta sauka milimita 0.25, a kilo 4 ta sauka 0.50, haka dai har kilo 10, inda za ta sauka milimita 1.25. Kilo 10 niyutan 98 ne. Kason nauyi shi ne 98 ÷ 0.785, ya ba da kimanin 125. Kason miƙewa shi ne 1.25 ÷ 2,000, ya ba da 0.000625. Idan aka raba 125 da 0.000625 za a sami niyutan 200,000 a kan kowace milimita murabba'i. Don gudun yawan sifiri, akan kira kowane dubu ɗaya na wannan ma'auni gigafaskal guda, saboda haka tsaurin ƙarfe gigafaskal 200 ne. A sake gwajin da waya mai kauri ko doguwa, miƙewar za ta canza, amma amsar ƙarshe tana nan a 200.

Ba a dogara da awo ɗaya. Abin da ya dace shi ne a zana jadawali, kason nauyi a tsaye, kason miƙewa a kwance, a ɗiga kowane awo. Ɗigon za su jeru bisa miƙaƙƙen layi, kuma tsayuwar wannan layi, watau yawan hawansa a raba da yawan tafiyarsa, ita ce ma'aunin tsauri. Ta haka kuskuren ido na awo ɗaya yakan narke cikin sauran.

Layin nan ba ya tafiya miƙe har abada. Muddin ana cikinsa, in an sauke nauyi waya takan koma tsawonta na asali. Akwai wani matsayi da in an wuce shi layin zai karkata, wayar ta riƙa miƙewa da yawa da ɗan ƙarin nauyi, kuma in an sauke ba za ta koma ba. Wannan ita ce iyakar komawa. Duk awon da aka ɗauka bayanta ba ya shiga lissafin tsauri, kuma yawancin amsoshin banza da ɗalibai ke samu daga nan suke fitowa, don sukan haɗa ɗigon ƙarshe da na farko su ja layi.

An riga an auna abubuwa da yawa. Alminiyon kimanin 70 ne, tagulla ta ɗan haura 100, kankare wajen 30, yawancin katako bisa tsawon jijiyarsa wajen 10, roba kuwa ba ta kai ko da kashi ɗaya cikin goma na gigafaskal guda ba. Ƙarfe ke nan ya fi katako tsauri kamar sau ashirin.

Awon azara

Ba mai iya rataye azara ya ja ta har ya ga miƙewarta da ido, nauyin da ake bukata ya fi ƙarfin tsakar gida. Amma lanƙwasawa ita ma miƙewa ce. Idan azara ta lanƙwasa, jijiyoyin cikinta na ƙasa suna miƙewa, na bisa suna matsewa, na tsakiya kuma suna nan yadda suke. Saboda haka daga zurfin lanƙwasawa ana iya komawa baya a gano tsauri. Ga sanda mai kusurwa huɗu da aka ɗora kawunanta a kan madogara biyu, aka sa mata nauyi a tsakiya daidai, ƙa'idar ita ce:

tsauri = (nauyi × tazara × tazara × tazara) ÷ (4 × faɗi × kauri × kauri × kauri × zurfin lanƙwasawa)

Tazara ita ce nisan da ke tsakanin madogaran biyu, faɗi shi ne na kwance, kauri kuma na tsaye, daga bisa zuwa ƙasa. Kayan aikin ba su da yawa: tubala ko bulo biyu, zare da za a ja daga kai zuwa kai don ya zama shaida, rula mai milimita, da buhun siminti, tun da an san nauyinsa kilo 50 ne, watau niyutan 490.

A ƙaddara wata azara mai faɗin milimita 50 da kaurin milimita 60, an ɗora ta a tazarar milimita 1,800, an rataya buhun a tsakiya, ta sauka milimita 5.5 daga zaren. A sama, 1,800 sau uku a jere ya ba da 5,832,000,000, a ninka da 490. A ƙasa, 60 sau uku a jere ya ba da 216,000, a ninka da 50, da 4, da 5.5, ya zama 237,600,000. In an raba na sama da na ƙasa za a sami kimanin 12,000, watau gigafaskal 12. Wata azarar mai girma ɗaya da wannan, in ta sauka milimita 11, to tsaurinta 6 ne kacal, rabin na 'yar'uwarta, ko da ido bai ga bambanci ba.

Irin wannan bambanci ba abin mamaki ba ne ga giginya. Sauran itatuwa, kamar kirya da maɗaci, zuciyarsu ita ce mai ƙwari. Giginya kuwa akasin haka take: baƙaƙen jijiyoyinta masu ƙwari sun taru ne a gefe, kusa da ɓawo, cikinta kuma garas-garas ne. Gindinta ya fi samanta ƙwari, tsohuwa ta fi yarinya. Magina sun daɗe suna fifita namijin giginya, wanda ba ya 'ya'ya, a kan macen. Don haka giginya ba ta da lamba guda tak irin ta ƙarfe, sai dai a auna kowace azara da kanta. Har ila yau fuskar datsawar azara ba cikakkiyar kusurwa huɗu ba ce, takan yi faɗi ta wajen ɓawo ta tsuke ta ciki, saboda haka amsar da za a samu a tsakar gida kimantawa ce. Amma don kwatanta azarori ashirin da juna, a ware masu rauni, ta wadatar.

Akwai wurin da ya kamata mai awo ya yi taka-tsantsan ƙwarai, shi ne kauri. Tun da sau uku yake shiga lissafi, ƙaramin kuskure a cikinsa yakan kumbura. Wanda ya rubuta 66 a maimakon 60, kuskuren kashi goma cikin ɗari ya yi, amma amsarsa za ta kauce da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Gara a auna kauri a wurare uku ko huɗu a ɗauki matsakaici. Wannan ninki uku shi ne kuma dalilin da ya sa yadda aka kwantar da azara yake da muhimmanci. Azarar nan ta misali, in aka juya ta kaurinta ya zama 50 faɗinta 60, za ta sauka kusan milimita 8 a maimakon 5.5, alhali itacen bai canza ba.

Dalilin ƙuncin soro

Duk wanda ya shiga tsofaffin gidaje zai lura cewa shigifa takan yi tsawo amma ba ta faɗi. Masu binciken da suka auna gine-ginen Kano da Zariya sun tarar magina ba su cika barin azara ta tsallaka fiye da kimanin mita 1.8 ba tare da madogara ba, watau kamu huɗu. Lissafi ya goyi bayansu. Ƙasar rufi ba a tsakiya kaɗai take ba, ta bazu ne bisa tsawon azara duka, kuma a irin wannan hali tazara sau huɗu take shiga lissafin lanƙwasawa. In aka ƙara tazara daga mita 1.8 zuwa 2.7, lanƙwasawa za ta ƙaru sau biyar. In aka kai ta 3.6, sau goma sha shida.

Rufin ƙasa kuwa ba ya yafe lanƙwasawa. Da zarar tsakiya ta lotsa, yaɓe ya tsage, ruwa ya kwanta a kwarin maimakon ya bi indararo. Ruwan ya ƙara nauyi, nauyin ya ƙara lotsawa, lotsawar ta ƙara tara ruwa. Azara tana iya kasancewa da sauran ƙarfi mai yawa, amma rashin tsauri ya riga ya buɗe wa damina ƙofa. Wannan ne ya sa a rufin soro tsauri yake gaba da ƙarfi.

Dabarun magina na faɗaɗa ɗaki duk hanyoyi ne na rage tazara. Ko dai a turo kawunan azarori daga bango hawa-hawa don su tarbi na bisa, ko a gicciya wasu a kusurwoyi, ko a kafa ginshiƙi a tsakiya, ko kuma a ɗaure baka, irin su bakan gizo da ɗaurin guga, inda ake ɗaura gajerun azarori kan juna a lulluɓe su da ƙasa har su haɗu a sama. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, a shekarun 1830, shi ne inda wannan fasaha ta kai maƙura. A cikinsa bakunan sun raba rufin gida-gida, ta yadda kowace azara ɗan gajeren wuri kawai take tsallakawa.

Abin da lambar ba ta faɗa

Ma'aunin tsauri na awon ɗan lokaci ne, rufi kuwa shekaru yake yi. Itace in ya daɗe ƙarƙashin nauyi yakan ci gaba da lanƙwasawa sannu a hankali, har lotsawar farko ta ninka, kuma wannan ƙarin ba ya komawa. Maharba sun san haka, shi ya sa ake kwance tsirkiya in an ajiye baka, don kada ya saba da lanƙwasa ya mutu. Damshi yana gaggauta wannan gajiya, yana kuma rage tsaurin kansa, domin jiƙaƙƙen itace ya fi busasshe saurin lanƙwasawa. Saboda haka azarar da aka ciro daga rusasshen rufi sai an bar ta ta bushe a inuwa kafin a auna ta, in ba haka ba za a yi mata hukuncin da ba nata ba.

Haka kuma tsauri ba ya nuna ƙarfi kai tsaye. A itace suna tafiya tare gwargwado, azara mai tsauri galibi ita ce mai ƙarfi, kuma da wannan dangantaka ne masana'antun katako na Turai ke tantance kayansu da inji. A ƙarfe kuwa abin ba haka yake ba, kuma wannan ya shafi masu ginin bulo da ke sayo rodi. Rodi mai kyau da marar kyau duka tsaurinsu wajen 200 ne. Bambancinsu yana ga iyakar komawa da wurin tsinkewa, waɗanda sai injin ja na ɗakin gwaji ne ke nuna su. Abin da mai gini zai iya dubawa da kansa shi ne kauri: rodin da aka sayar da sunan milimita 12 alhali 10 ne, fuskar datsawarsa ta ragu daga milimita murabba'i 113 zuwa 79, kusan kashi talatin cikin ɗari ke nan.

Ga mai sake rufi da tsofaffin azarori, akwai abubuwa biyu da za a duba bayan an sauke buhun. Na farko, a ga ko azarar ta koma daidai kan zaren. In ta tsaya ƙasa da inda take, ko aka ji ta yi ƙara lokacin da aka ɗora nauyi, to jijiyoyinta sun fara rabuwa, sai dai a yanka ta gajeru don ƙofa ko taga. Na biyu, a binciki kawunanta da tsinin wuƙa, domin su ne ke binne cikin bango inda damshi ke zama, kuma gwajin tsakiya ba ya jin ruɓewar kai sosai. Kan da wuƙa ta shige shi a datse shi, azarar ta koma ɗakin da ya fi ƙunci.